Godiya ga masu duba wayoyin wuta na bayan kasuwar Garwa

Assalamu alaikum jama'a, mutanen Garwa da Marwa da duk wanda wannan rubutu ya iske. Ni ɗan kasuwa ne ba gwanin rubutu ba, amma an ce yaba kyauta tukuici, shi ya sa na ce bari in fito fili in gode wa wannan ƙaramin kamfani na masu aikin wutar lantarki da ke bayan babbar kasuwa, waɗanda ake kira su duba wayoyin gida kafin mutum ya saya ko ya shiga haya. Ban nemi izininsu ba don haka ba zan kama suna ba, su dai sun san kansu.

Gidan da ake magana wani tsohon gida ne a Yelwa, ni da Yaya muka haɗa kuɗi za mu saya don Inna ta dawo kusa da mu. Ginin tun zamanin SONEL ne, tsohon kamfanin wutar Kamaru, kafin kamfanin AES ya karɓa a 2001 balle a zo ga sunan ENEO a 2014, amma magadan da ke sayarwa sun shafa masa sabon fenti sun canja firiz-firiz ɗin bango duka, wato soket inda ake jona kayan wuta, farare tas. Ka kunna ampul ya kama, ka kunna fanka ta juya, to a wajen yawancinmu ai magana ta ƙare, wuta lafiya lau. Dillali ma cewa ya yi kiran masu dubawa asarar kuɗi ce. Yaya ne ya kafe.

Su biyu suka zo, maigidan da yaronsa. Yaron ya soka wata 'yar na'ura mai fitilu a firiz ɗin falo, ya dubi maigidansa bai ce komai ba. Shi kuma ya je ya kashe disjontar, wato babban makunnin da ke yanke wutar gida, ya kwance firiz ɗin ya juyo min bayansa ya ce Alhaji duba da idonka. Kun dai san irin firiz ɗinmu na nan, irin na Faransa, rami biyu da ɗan ƙarfe guda da ya fito waje, to wannan ƙarfen shi ne na tar, wanda ake haɗawa da wayar da ke kai wuta cikin ƙasa. A baya wayoyi biyu ne kawai. Wurin ta ukun, inda ya kamata a ga waya mai launin kore da rawaya, wayam, ko sukurun ba a taɓa juyawa ba. Suka bi gidan ɗaki-ɗaki har kicin da bayi duk haka, ƙarfen na nan tsaye a waje yana yaudarar mutane ciki babu komai, kuma a tsakar gidan kaf ba a taɓa kafa sandar tar ba.

Na ce masa to Malam ai mutane sun yi shekara da shekaru a ciki ba abin da ya same su. Bai yi min dariya ba, wannan ma abin godiya ne, ya ja ni gaban tsohon firigon da masu gidan suka bari ya ce in wayar cikin wannan ta goge ta taɓa jikin ƙarfen, kuran, wato wutar lantarki mai ƙarfin volt 220, ya hau jikinsa ke nan. In akwai tar wutar za ta bi waya ta shige ƙasa nan take disjontar ya faɗi. In babu, firigon zai ci gaba da aikinsa ruwa na sanyi ba wanda ya san komai, har ranar da wani zai zo ba takalmi ƙafa a jiƙe a kan siminti ya kama murfin, wutar ta samu hanya ta jikinsa. Wallahi Inna kawai na hango, ita da ke tashi daga alwala ta wuce ɗebo ruwan sanyi ƙafa a ƙasa.

Sai yaron ya hau cikin pilafon, wato silin ɗin rufi, a wannan zafin, Allah ya yi masa albarka don ya sauko jiƙe sharkaf da gumi. Ya miƙo min wani guntun waya, robar jikinta na taɓa ta tana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli, tagullar a fili. Inda aka yi haɗi babu domino, ɗan abin nan mai sukuru da ake haɗa wayoyi da shi, babu akwati, an murɗe wayoyin ne kawai an naɗe da sikoc, wato salatif, wani wurin ma da baƙar leda, a kwance kan katakon rufi. Wayar da ke ba firiz wuta 'yar siririya ce mai lambar kauri 1.5, wadda ta fitilu ce, alhali 2.5 ake sa wa firiz, kuma a kanta wani ɗan haya ya taɓa rataya kilim, na'urar sanyaya ɗaki. Maigidan ya ce lissafin ƙarfin da waya ke ɗauka ana yinsa ne kan zafin digiri 30, mu kuwa a Garwa watan Maris da Afrilu a inuwa ma muna haura 40, ina ga ƙarƙashin kwano da tsakar rana. A allon fis kuma, irin tsohon nan na tangaran, wani gwani da ya gaji da fis na tsinkewa ya ɗaura masa waya mai kauri, wato dai ko gidan zai kama da wuta fis ɗin ba zai tsinke ba.

Amma ainihin abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne takardar da suka ba mu. Masu aikin wuta da yawa za su gaya maka da baki cewa wayarka ta lalace, kawo kuɗi a canja duka, ba ka san gaskiya ba ne ko neman aiki. Waɗannan rapor suka rubuta da hatimi da sa hannu, kowane wuri da hotonsa, suka ware abin da zai iya kisa ko gobara yau, da wanda za a gyara in an samu hali, da wanda ba komai. Har abin da ke da kyau sun rubuta, wayar da ta taso daga kontar, wato mita, lafiya take kar a taɓa, ta fitilun ɗakuna biyun da aka ƙara daga baya ita ma a bar ta. Da Faransanci takardar take, suka zauna suka karanta mana da Hausa, magadan kuma aka yi musu da Fillanci. Babban magadan, dattijo ne mai mutunci, ya ja maigidan gefe ya roƙe shi ya sassauta rubutun kar ciniki ya lalace. Ina jinsu. Ya rusuna ya ce Baba ka yi haƙuri, in na goge wannan gobe wani ya mutu a gidan nan da wane ido zan dube ka. Dattijon ya yi shiru, daga baya shi da kansa ya rage mana kuɗin gyaran daga farashin gida. Kuma suka ce takardar tamu ce, mu kai wa duk mai gyaran da muka ga dama, ba dole sai su ba.

Ina so 'yan'uwa su gane wani abu a nan, kamfanin wuta iyakarsa kontar. Duk abin da ke bayanta cikin bango da rufi na mai gida ne, ba wanda zai zo ya duba maka in ba kai ka kira ba. Mu kuwa firigo ya ƙone mu ce kuran ne, shago ya kama da wuta mu ce kuran ne, ba mai leƙa pilafon ɗinsa.

Su muka ba gyaran mana, wa zai kai wani wuri bayan wannan. Wajen kafa sandar tar ma na ga aiki. Ƙasarmu da rani busasshiya ce ƙamas ba ta karɓar wuta da sauƙi, suka buga sanda suka auna, awon yadda ƙasa ke tare wa wuta hanya ya haura om 100 da ake so kar a wuce, suka ƙara wata can gefen da ruwan wanka ke bi suka haɗa su da waya, sai da awon ya sauka sannan suka rufe ramin. Wani maƙwabci ya ce a zuba gishiri kamar yadda ake yi, maigidan ya ce a'a, gishiri zai sa awon ya yi kyau yau amma yana cin ƙarfen kuma damina ɗaya ta wanke shi. Suka cire allon tangaran suka sa sabo da diferansiyal mai miliampa 30, wanda da zarar wuta ta fara zurarewa ta wata hanya ko da ta jikin mutum ce zai yanke, suka nuna wa ƙanwata ɗan maɓallin gwajin da ke jikinsa suka ce ta riƙa dannawa duk wata, in bai faɗi ba a kira su.

Ƙorafina ɗaya ne Malam, ku riƙa ɗaga waya don Allah, mutum sai ya yi ta kira kafin a same ku, ko da yake na san kuna cikin rufin wani ne. Allah ya saka da alheri ya yi wa sana'a albarka, ya jiƙan mahaifa, yaron nan kuma a riƙe shi da kyau yana da hannu. Inna na gaishe ku. Shagona na kasuwa shi ma tsohuwar waya ce, bayan sallah in Allah ya kai mu zan zo mu sa rana.

Naku, ɗan'uwanku daga Yelwa, Garwa.