Wake Mai Guba a Tukunyarmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana a kan wake, abincin talaka. Ni mai tuyar ƙosai ce, hannuna kullum cikin wake yake. Akwai buhun da in ka kwance bakinsa, warin magani zai buge ka har idanu su kawo ruwa.

Wasu 'yan kasuwa na zuba wa wake dichlorvos, maganin feshin ƙwari, don kada ƙwaro ya huda shi. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta a 2015. Abin da Turawa suka ƙi, shi muke ɗura wa yaranmu a alale da wake da shinkafa.

Masu saye ma suna da nasu alhakin. Mace ta ɗebi wake a tafin hannu, ta ga ƙwaya biyu da huji, sai ta watsar ta wuce inda yake sumul, ba ta tambayi me ya hana ƙwaro taɓa shi ba. Mai sayarwa kuwa yana kallo, gobe ya san abin da zai yi.

Iyayenmu da toka da busasshen barkono suke adana wake. Yanzu ga buhun PICS mai ninki uku, wanda ke toshe iska ƙwaron ya mutu ba tare da magani ba. Ni wajen mai irin wannan buhu nake saye, ko da ya ɗora kuɗi a kan mudu. Ina roƙon NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta riƙa shiga rumbunan ajiyar hatsi tana gwaji.

Taku,
Mai ƙosai, daga Kano