Wasiƙa zuwa ga ɗana kan karatun MBA

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Saƙonka ya iso, cewa kana so ka tafi karatun MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, na kuma ga makarantun da ka lissafo: Harvard, Stanford, Wharton, INSEAD da ta Landan. Ban hana ka ba. Sai dai shekara biyu kacal ka yi kana aiki, alhali yawancin waɗanda ake ɗauka sun yi kusan biyar. Akwai dalili, kuma yana cikin yadda ake koyarwar.

Ɗauki Harvard, wadda ta buɗe makarantarta ta kasuwanci a 1908. Can ba lacca ake zuba wa ɗalibi ba. Takardu ake ba ka, shafi goma ko ashirin, ɗauke da labarin wani kamfani na gaske da ya shiga tsaka mai wuya, da jadawalin lissafinsa a baya. Shi ake kira kes, kuma kusan 500 za ka karanta cikin shekara biyu. Da safe ku kusan 90 kuna zaune a aji mai kujeru zagaye, kowa da katin sunansa a gabansa. Malami ya shigo, ya ambaci sunan wanda ya ga dama ba tare da an ɗaga hannu ba, ya ce: kai ne shugaban kamfanin nan, me za ka yi? Kusan rabin makinka daga irin wannan magana yake fitowa. Wanda ya taɓa rasa babban kwastoma, ko ya taɓa sallamar ma'aikaci, yana da abin faɗa. Wanda bai taɓa ba sai ya maimaita abin da ke cikin takarda, kuma ajin yana ganewa nan take.

Kes ana karanta shi sau biyu. Karon farko da sauri, don ka gano wane ne zai yanke hukunci, kan me, zuwa yaushe. Karo na biyu da fensir, ka fara da jadawalin baya, domin can gaskiyar take. A ce kaya ana sayar da shi dala 50, yin kowane ɗaya yana cin 30, haya da albashi kuma miliyan biyu a shekara. Sai an sayar da guda 100,000 kafin a mayar da abin da aka kashe. Wani a aji zai miƙe ya ce a rage farashi da kashi goma cikin ɗari don a ja kasuwa, ya faɗe shi da daɗin baki. Kai ka lissafa: ribar kowane ɗaya ta sauko daga 20 zuwa 15, yanzu sai an sayar da sama da 133,000. Shin masana'antar za ta iya fitar da su? Abokin hamayya zai naɗe hannu? Kada ka shiga aji ba ka tsai da matsaya ɗaya ba, da lambobi biyu ko uku da za su tallafe ta.

Sai darasin dabarun kasuwanci, wanda na san shi ya fi jan ranka. Za a koya maka ma'aunin Michael Porter na 1979, abubuwa biyar da ke nuna ko akwai riba a harka: zafin gasa tsakanin waɗanda ke ciki, sauƙin shigowar baƙi, ƙarfin masu sayar maka da kaya, ƙarfin masu saye, da abin da zai iya maye gurbin kayanka. Gwada shi a kan kamfanonin jiragen sama. Manyan jirage kusan daga hannun Boeing da Airbus kaɗai ake samunsu, fasinja yana gwada farashi a intanet cikin minti ɗaya, kujerar da jirgi ya tashi da ita babu kowa kuma ta tafi ke nan. Shi ya sa harkar take da ƙyalli amma ribar siririya. Inda ɗalibai ke ɓata shi ne su cika akwatuna biyar da bayanai su ɗauka sun gama. Ma'aunin ganewa kawai yake yi, kamar awon likita. Dabara tana farawa ne a inda ka ce ga masu sayen da za mu bi, ga waɗanda za mu bar wa wasu, ko da kuɗi a hannunsu. Tsarin da bai hana ka komai ba, a ganina, jerin buri ne. Ka kuma riƙe cewa kes an riga an tace shi, an jera maka lambobi. A wurin aiki kai za ka nemo su, rabinsu ma ba daidai ba.

Maganar shiga. Jarrabawar GMAT, wadda ake yi don neman shiga makarantun kasuwanci, yanzu sassa uku ce, kowanne minti 45, maki daga 205 zuwa 805, kuma sakamakon yana aiki shekara biyar, don haka ka zauna ta tun lissafi bai tsere maka ba. Makarantun suna karɓar wata jarrabawar mai suna GRE ma a madadinta. Zagayen farko na neman gurbi a Amurka yakan rufe a Satumba, na biyu a Janairu. Masu rubuta maka shaida galibi mutum biyu ne. Ka zaɓi wanda ya ga aikinka da idonsa. Mai babban muƙamin da bai san ka ba yabo na gama-gari zai rubuta, shi kuwa ba ya ɗaga kowa.

Kuɗi kuma, a nan nake so ka nutsu. A manyan makarantun Amurka, idan an haɗa kuɗin makaranta da masauki da inshorar lafiya, shekara ɗaya ta haura dala 100,000. Ka ninka biyu, sannan ka ɗora albashin shekara biyu da ba za ka karɓa ba, wanda mutane ke mantawa. Tallafin Harvard bisa buƙata ake bayarwa, sai ka bayyana abin da ka mallaka. INSEAD, a Fontainebleau ta Faransa da Singafo, wata goma ne, asarar albashin ta ragu. Amma tsarin shekara biyu yana da aikin gwaji na wajen mako goma a tsakiya, kuma ta nan mai son sauya sana'a yake shiga. Kamfanonin ba da shawara irin McKinsey, BCG da Bain suna fara zawarcin ɗalibai tun watannin farko, don haka wanda ya je da niyyar sai can zai yi tunanin abin da yake so, jirgi ya bar shi. Idan kuma da albashin Amurka kake shirin biyan bashi, izinin aiki bayan karatu wata 12 ne, ya kai 36 in an sa digirin cikin rukunin kimiyya da fasaha, bayan nan bizar aiki ta H-1B da ƙuri'a ake fitar da ita. Ka yi lissafin bashin kamar ba ka ci ƙuri'ar ba.

Shawarata, ka ƙara shekara biyu. Ka nemi a damƙa maka wani sashe da za a tambaye ka ribarsa da asararsa, ko ƙarami ne, ka kuma zauna GMAT bana. Ka turo mini lissafin nan a shafi ɗaya mu duba tare.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.