Wasiƙa zuwa ga Binta bayan aikin kwatangwalo

Ƙofar Guga, Katsina

Binta 'yata,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Na san halinki na kunya, kuma a wannan jinya ita na fi ji miki tsoro. An sallamo ki daga Asibitin Ƙashi na Dala, kin koma Daura cikin dangin miji, 'yan dubiya na shiga suna fita. Na tabbata da zarar surukarki ta ɗaga labule za ki nemi zubewa ki gaishe ta. Kada ki durƙusa wa kowa, Binta. Na yi magana da Hajiya a waya, ta ce ita ma ba ta yarda ba.

Sikila ce ta hana jini isa kan ƙashin cinyarki har ya mutu, shi ne likitoci suka cire shi suka sa na ƙarfe. Naman da aka tsaga aka ɗinke shi ke riƙe sabuwar gaɓar, kuma yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya kama. Kafin nan, in kika zauna gwiwarki ta ɗara kwatangwalo tsawo, ko kika harɗe ƙafa, ko kika murɗa ta ciki, gaɓar na iya gocewa. Don haka ki yi sallama da tabarma da kujera 'yar tsugunno da shara da wanki a ƙasa. In za ki kwanta ta gefe, ki sa matashi tsakanin gwiwoyinki.

Banɗaki ya fi damuna, don shi ne ba za ki iya buɗe baki ki faɗa ba. Masan gidanku na tsugunne ne. Maigidanki ya sa kafinta ya huda kujera mai tsawo da hannuwa a ɗora a kai, a ajiye buta bisa wani abu inda hannunki zai kai ba tare da kin sunkuya ba, a kuma riƙa tsane ruwan ƙasa saboda santsi. Salla kuwa ki yi ta a kujera, ki yi ishara da ruku'u da sujada. Annabi (SAW) da kansa ya ba Imrana ɗan Husaini wannan sauƙin sa'ad da ba shi da lafiya.

Masu dubiya za su yi ta ce miki ki kwanta ki huta. Ki gode musu, amma ki tuna tun washegarin aiki aka tashe ki tsaye. Shekarun da kika yi kina ɗingishi sun sa naman cinya da na ɗuwawu ya saki, kuma shi zai ɗauke ki. Motsa jikin da masu gashin ƙashi suka koya miki ki yi shi kullum, ko kina jin ƙyuya. Tafiya kaɗan-kaɗan a tsakar gida sau da yawa ta fi doguwa guda wadda za ta kwantar da ke. Wajen hawa dakali lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, wajen sauka sanda da ƙafar da aka yi wa aiki ke yin gaba. Sandar nan kada ki jefar da ita don gudun bakin mutane, sai likita ya ce.

Zaman wuri ɗaya na sa jini ya daskare a jijiya. Ki riƙa motsa idon sawu ko kina kwance, ki sha maganinki a kan lokaci. In sha-raɓarki ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi miki wuya, ko zazzaɓi ya zo ɗinkin na tsatsar ruwa, a tafi asibiti a take. Ban yarda mai ɗori ya taɓa ki ba, ko wa ya kawo shi. Ki yawaita shan ruwa, ki rufe jiki, ga hunturu na ƙaratowa, kin san yadda ciwonki ke yi da sanyi.

Irin wannan gaɓa takan kai shekara 15 zuwa 20, wani lokaci fiye, ke kuwa yarinya ce, sai ki kiyaye ta daga ƙiba da ɗaukar kaya masu nauyi. Babur kam a'a. Ranar komawa Kano ki zauna gaban mota a ja kujerar baya, in kun kai Kazaure a tsaya ki sauko ki ɗan taka.

Ƙanwarki za ta zo ranar Juma'a ta zauna da ke, girki da wankan yara duk ki bar mata. Babanki na gaishe ki. Ki gaida maigida da Hajiya.

Mahaifiyarki