Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Damagaram Kan Aron Littafi

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni malamin makaranta ne a nan Zinder, da marece kuma ina taya aiki a wani ɗakin karatu. Har yau kaye da biro ne dukan kayan aikinmu. Yaro ya zo aro, a rubuta sunansa da sunan littafi da ranar maidowa. Ran da ya maido kuwa sai a yi ta buɗe shafuka ana neman layinsa. Idan jarrabawar BEPC da Bak ta gabato, layi har bakin ƙofa. Na sha ganin yarinya ta taso tun daga Birni ko Garin Malam, mu ce mata littafin yana hannun wani, alhali yana can kan kantar littattafai an sa shi ba a wurinsa ba. Wannan yana ci mani rai.

Roƙona shi ne a samar wa ɗakunan karatunmu tabulet da ƴar na'urar nan mai karanta layuka baƙaƙe, irin ta manyan kantuna. Ana haɗa su da igiyar waya ko ta Bluetooth. A haska katin mai aro, a haska littafi, shi ke nan an rubuta. Mutum ɗaya ma na iya bin kantoci da tabulet a hannu ya ƙidaya abin da ke nan da abin da ya ɓace. Manhajar ba sai an saya ba: Koha da PMB kyauta ne, kuma duk suna aiki da Faransanci.

Sai dai, ranka ya daɗe, sayen na'ura shi ne mai sauƙin. Lambar ISBN da ke bayan littafi, mai alƙaluma 13 tun 2007, ba ta rarrabe kwafi da kwafi. In muna da littafin lissafi iri ɗaya guda goma, lambarsu ɗaya ce. Dole kowane kwafi a manna masa tasa takardar lamba, a shigar da shi da hannu. Tsofaffin littattafai, da yawancin ƙananan littattafan Hausa da ake kawowa daga Kano, ba su ma da lambar. Aikin watanni ne, kuma ɗaliban Jami'ar André Salifou za su iya shi lokacin hutu in an ba su ɗan abin mai da abinci. Rubuce-rubucen ajami na malamai kuwa kada gam ya taɓa su, a manna lambar a jikin gafaka.

A kuma tuna da ɗaukewar wuta da ƙurar hunturu. A zaɓi tsarin da ke karɓar aro ko babu intanet, a haɗa da ƙaramin faifan sola da rigar kare tabulet. Masu riƙe da kayen nan shekara da shekaru su za a fara koya wa, don su suka san littattafan da masu aronsu.

A fara da ɗaki ɗaya, a ba mu shekarar karatu ɗaya, sannan ka aiko a duba.

Allah ya taya riƙo.

Naka,
Wani malamin makaranta, unguwar Zango