Boris ɗin Porsche: in an sauke giyar mota, a canza shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana kan wata shawara da nake ji ana ba masu sayen Porsche na hannu, wai ya isa a duba boris ɗin da ake kira IMS, in ya yi kyau a bar shi a wurinsa. Ni bakanike ne, kuma wannan shawara ta taɓa cin inji guda a hannuna.

Boris ɗin yana ƙarshen wani sandan ƙarfe (intermediate shaft, wato IMS) da ke ƙarƙashin karanshaf, sandan da ke juya sarƙoƙin taimin masu daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, a injunan Boxster da 911 Carrera na 1997 zuwa 2008. An rufe shi da giris a ciki tun daga Jamus. Idan shekaru suka ja, robar da ta rufe shi ta taurare, baƙin mai ya kutsa ya wanke giris ɗin, sai ƙwallayen su shiga cin juna. Ranar da ya watse, taimin ya goce, bawul ya haɗu da fistin, ɓarɓashin ƙarfe ya bi ko'ina cikin inji.

An taɓa kawo mini Boxster ƙirar 2003 don canjin kuloci. Da muka sauke giya muka cire falawil, na buɗe murfin boris ɗin, na juya shi da yatsa. Sumul yake, ba wasa, ba ƙara. Mai motar ya ce, "Malam, tunda lafiyarsa ƙalau, a bar shi." Na yarda. Ba a yi shekara ba aka jawo motar da igiya. Na yanka filtar mai, na baza takardar cikinta a rana, sai ƙyalli take kamar an watsa mata garin azurfa. Har yau ina jin nauyin abin, domin ni ne na san aikin, ba shi ba.

Yatsa yana gaya maka halin boris a ranar ne kawai. Kuma wahalar duk tana wajen isa gare shi. In giya ta riga ta sauka, kuɗin sabon boris da sil ɗin bayan inji (robar da ke hana mai yoyo) bai kai ko kusa da kuɗin wani injin ba, ballantana a ce daga waje za a yi odarsa da dala.

Sai dai ba duka aka zama ɗaya ba. Motocin farko suna da boris mai layi biyu na ƙwallaye, kuma ya fi ƙarko. Wajen 2000 aka koma mai layi ɗaya, shi ne ya jawo ƙarar da masu motoci suka kai kamfanin a Amurka, aka sasanta a 2013 kan motocin 2001 zuwa 2005. Alƙaluman da suka fito a shari'ar sun nuna kusan kashi 8 cikin 100 na mai layi ɗaya sun lalace, mai layi biyu kuwa bai kai kashi 1 ba. Na 2006 zuwa 2008 babba ne, ba ya fita sai an tsaga inji biyu, kuma ba kasafai yake ba da matsala ba. Wannan kam ba na cewa a taɓa shi. A yawaita juyen mai, a sa noti mai maganaɗisu a gindin inji, a riƙa yanka filta ana dubawa. Daga 2009 kamfanin ya cire sandan gaba ɗaya.

Wani kuskuren kuma shi ne a ga ƙarfe ya cika filta sannan a sa sabon boris a sallami mota. Ɓarɓashin da ya rage zai cinye sabon. Irin wannan injin sai an kwance shi an wanke.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana kanikawa: in mai layi ɗaya ne, ba takardar da ta nuna an taɓa canza shi, kuma giya tana ƙasa, a gaya wa mai mota gaskiya tun kafin a ɗaura.

Wassalam.

Naku,
Wani bakanike daga Kaduna