Ka Dakata da Sayen Na'urar Nan

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan Gombe sai godiya, hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari. Hajiya tana gaishe ka, ta ce ka daɗe ba ka leƙo mu ba.

Saƙonka ya iso, cewa kana so ka taho min da na'urar sauya sauti mai tsada, wadda ake ce wa DAC, idan za ka zo Sallah. Wallahi na ji daɗi har cikin raina, Allah ya bar zumunci. Amma ina roƙonka ka dakata tukuna.

Aikin na'urar nan ɗaya ne: ta karɓi lambobin da ke cikin kwamfuta, ta mayar da su wutar da ke motsa lasifika. Tun 1982 da Sony da Philips suka fito da faifan CD ake ɗaukar sauti sau 44,100 a daƙiƙa, wanda ya isa ya riƙe ƙara mai kaɗawa har wajen sau 22,000. Kunnen yaro mai lafiya a wajen 20,000 yake tsayawa, mu da muka haura shekara 40 kuwa ko kusa ba ma zuwa. 'Yar na'urar Scarlett ta kamfanin Focusrite da nake aiki da ita, wadda ta haɗa DAC da ramukan makirfo, tana iya ɗauka har sau 192,000 a daƙiƙa. Ta riga ta wuce inda kunnena ya tsaya.

Ba da ka nake faɗa ba. Wani abokin sana'armu ta ɗaukar sauti daga Bauchi ya ara min tasa mai tsada na kwana biyu. Da na fara ji, sai na ce lallai kuɗi ba ya ƙarya, muryar ta fito fes. Daga baya na lura ashe ƙararta ce ta ɗan fi tawa ƙarfi, kunne kuma duk abin da ya fi ƙara shi yake ɗauka ya fi daɗi. Na daidaita su, na juya baya, na sa yaron shagona yana canja wayoyin ba tare da ya gaya min ba. In dace yanzu, in kuskure anjima, tamkar mai canki-canka. Jikina ya yi sanyi, domin na so ƙwarai in ji bambancin.

Ciwon yana cikin ɗakin ne. Ka san shagon nan na Jekadafari: bangon siminti, tayil a ƙasa, kwano a sama. Malami ya zauna yana karatu, murya ta bugi bango ta dawo cikin makirfo. Ga Keke Napep a titi, ga janaretan maƙwabta. Akwai kuma gurnanin nan na wuta mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, da yake shiga aiki saboda ginin ba a binne masa waya a ƙasa ba. Ranar da na rataya barguna masu kauri, na shimfiɗa darduma, na matsar da lasifika daga bango, har yaron ya tambaye ni ko sabon makirfo na saya.

Da a ce tawa tana yanke sauti, ko ramukan makirfo sun yi min kaɗan, ko ba ta ba da wutar bolt 48 da makirfo mai laushin ji yake buƙata, da ni zan fara roƙonka. Duk ba ta gaza a nan ba.

In dai ka yi niyyar alherin, ka taho min da hedifon mai rufe kunne ruf, ragowar kuɗin mu haɗa mu sayi batirin inbata, mu kira mai gyaran wuta ya binne wayar. Akwai wani dattijon malami da nake son ɗaukar karatunsa, muryarsa ta fara rauni, ina so in same ta a ɗaki mai shiru.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Ka sanar da ni ranar tasowarka in tare ka a tasha.

Naka,
Amininka daga Gombe