Rahoton Ayyukan Shekara: Haɗin Gwiwar Makarantun Fasaha da Masana'antu a Maraɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawan ƙungiya, malamai, ƴan uwa injiniyoyi da masu sana'a, da ƙannenmu ɗalibai da suka shigo cikinmu a bana, kwamitin zartarwa yana gabatar muku da bayanin abin da aka gudanar a shekarar da muka kammala, kamar yadda dokar ƙungiya ta tanada. Bayanin kuɗi yana hannun ma'aji, kuma zai karanta shi daban a zaman babban taro. Wannan takarda ta tsaya ne kan aikin da kuka ɗora mana, wato kusanto da makarantun da ke koyar da aikin injiniya da wuraren da ake yin aikin da hannu.

Maraɗi ba ta da ƙarancin makarantu a wannan fanni. Makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa ta daɗe tana yaye masu sana'a, kuma da dama daga cikinmu a can suka fara riƙe kayan aiki. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wadda aka kafa a 2010 bisa harsashin cibiyar koyar da fasaha da ta riga ta, tana horar da ɗalibai a fannin gine-gine da lantarki da injuna, baya ga ƴaƴan jihar da ke karatu a EMIG, babbar makarantar injiniyoyin ma'adinai da masana'antu ta Yamai, suna dawowa gida hutu. Abin da ya yi mana nisa shi ne manyan masana'antu. Matatar mai ta SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, tana jihar Damagaram. Kamfanin siminti yana Malbaza cikin jihar Tawa. SONICHAR mai haƙar gawayi da samar da wuta tana can arewa a jihar Agadas. Ɗaliban ƙasa baki ɗaya ne ke rububin guraben horo a waɗannan wurare, kuma ko yaro ya samu gurbi, kuɗin mota da masauki da abinci na wata biyu ko uku sukan fi ƙarfin iyayensa. Saboda haka tun zaman farko kwamiti ya yanke shawarar daina jiran amsar wasiƙu daga nesa, ya ɗauki garejin kanikawa da rumfar mai walda da filin gini da shagon masu kafa faifan hasken rana da kamfanonin haƙar rijiyoyin burtsatse a matsayin masana'antun da Allah Ya hore mana, mu yi aiki da su a kan haka.

Mafi yawan ƙarfinmu ya tafi ne kan horon aiki, wanda kowa ya fi sani da istaji. Mambobi sun zagaya ƙafa da ƙafa suna ganawa da iyayen gidan sana'a, kuma sharaɗi guda muka nace a kansa ko'ina: a fitar da mutum ɗaya sananne wanda zai riƙe ɗalibi, ya ba shi aiki, ya duba littafin da yake rubuta abin da ya yi kowace rana. Dalilin nacewar kowa ya san shi. Mun ga wuraren da ake karɓar yaro, a ajiye shi kan benci yana latsa waya ko ana aikensa sayen shayi, ƙarshen wata a buga masa hatimi a takarda. A ganin kwamiti, irin wannan horo ya fi rashinsa illa, domin yaron yana fita da shaidar abin da bai iya ba. Wasu iyayen gida sun nuna ɗari-ɗari da farko, kuma suna da hujja: suna tsoron a lalata musu kayan aiki masu tsada, suna kuma tambayar wanda zai ɗauki nauyi idan yaro ya ji rauni. Su ma ɗaliban an ja musu kunne kafin su tafi, cewa wanda ya shekara talatin yana kwance inji, ko da bai taɓa zama aji ba, maigida ne kuma malami, haka za a kira shi, haka za a girmama shi.

Aikin da ya fi faranta mana rai shi ne na masu buga bulo. Wasu ɗaliban gine-gine, tare da malaminsu da ɗan kwangila guda daga cikin mambobinmu, sun karɓo samfurin bulo daga wurare daban-daban a cikin gari, suka rubuta yawan bulon da ake fitarwa daga buhun siminti mai kilo 50, da irin rairayin da aka yi amfani da shi, da kwanakin da aka yi ana ba shi ruwa, sannan suka kai ɗakin gwaji aka matse kowanne da na'ura har ya fashe. A aji an koya musu cewa siminti da ruwa yake yin ƙarfi, cewa ana auna ƙarfin kankare a kwana 7 da kwana 28, kuma bulon da rana ta busar da shi da wuri bai gama nuna ba. Amma gani ya kori ji. An gayyaci masu buga bulon su tsaya gaban na'urar, kuma wani dattijo a cikinsu ya ɗauki ɓarɓashin bulonsa da ya ruguje tun allurar ma'auni ba ta yi nisa ba, ya murza shi a tafin hannu, ya tambayi ɗaliban ko laifin siminti ne ko na rairayi. Wata ɗaliba ta nuna masa ƙasar da ke gauraye da rairayin, ta zuba kaɗan a kwalbar ruwa ta girgiza, laka ta kwanta a saman yashi kowa yana kallo. Shi kuma ya bayyana musu abin da babu shi a littafi, wato mai saye yana neman bulo mai araha yau-yau, kuma ruwan ban-ruwa saye ake yi daga ƴan garuwa, don haka kowace rana ta jira kuɗi ce. Daga wannan tattaunawa ne aka fitar da batun da ɗalibai biyu suka ɗauka a matsayin aikin kammala karatu: yadda za a rufe bulo da buhuna ko leda don rage ruwan da ake kashewa ba tare da an rage ƙarfinsa ba.

A ɓangaren lantarki, an kai ɗalibai gonakin noman rani na Jiratawa domin su ga yadda famfunan da ke cikin rijiyoyi suke ɗaga ruwa zuwa magudanai, da yadda faɗuwar ƙarfin wuta ko yankewar layi ɗaya daga cikin uku ke ƙona injin da ba shi da kariya. Yankinmu ya daɗe yana dogaro da wutar da ke shigowa daga Katsina ta Gazawa, kuma yanke ta da aka yi a watan Agusta na 2023 ya sa jama'a da dama sun koma ga hasken rana, har masu kafa faifai suka yawaita fiye da masu iya lissafinsa. Mambobinmu da ke wannan sana'a sun nuna wa ɗalibai a kan rufin gida cewa ƙarfin da aka rubuta a bayan faifai an auna shi ne a zafin digiri 25, alhali bazarar Maraɗi tana haura 40, ga ƙurar hunturu da ke lulluɓe gilashin, kuma duk wanda bai saka waɗannan a lissafi ba zai bar mai gida da batir da ke mutuwa kafin asuba.

An kuma samu wasu ma'aikata sun shiga aji sun yi wa ɗalibai bayanin aikinsu, bisa gayyatar malamai. Wannan bai yi yawa ba, domin jadawalin karatu a cike yake, kuma ƙungiya ba ta da hurumin taɓa manhaja.

A zaman tsakiyar shekara wasu mambobi sun kawo shawarar a nemi kwaikwayon tsarin Jamus, inda mai koyon sana'a yake raba makonsa tsakanin kamfani da makaranta, kamfani yana biyansa albashi, majalisun ƴan kasuwa da masu sana'a kuma suna shirya jarrabawar ƙarshe. Shawara ce mai kyau, sai dai tsarin ya tsaya ne a kan kamfanoni masu rajista da ke iya ɗaukar nauyin yaro shekaru uku, mu kuwa yawancin abokan aikinmu ba su da ko littafin albashi. Abin da kwamiti yake ganin zai yiwu shi ne a shirya takardun neman tallafi zuwa FAFPA, asusun da gwamnati ta kafa don horon sana'a, a kuma nemi zama da reshen majalisar ƴan kasuwa da masana'antu na jiha kan batun inshorar ɗalibai. Takardun suna hannu, amma ba a kammala su ba.

Sauran abubuwan da suka rage sun haɗa da rubuta yarjejeniya, domin mafi yawan abin da aka yi bana a kan amana da sanayya aka yi shi, kuma idan mamban da ya san maigidan ya bar gari, ƙofar tana iya rufewa. Haka nan samar wa ɗalibai mata guraben horo ya yi wuya, musamman a gareji da filin gini, inda babu wurin canza tufafi ko kewayawa, wasu iyaye kuma suna son su san wanda zai kula da ƴarsu. Muna roƙon iyayenmu mata da yayyenmu da ke cikin ƙungiya su jagoranci wannan ɓangare a shekara mai zuwa.

Akwai kuma batun layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021 kuma kamfanin Mota-Engil ke ginawa. Duk ranar da jirgi ya fara isowa, za a buƙaci masu awon ƙasa da masu walda da masu gyaran injuna da na'urorin ba da hannu, kuma aikin zai gudana tsakanin masu Faransanci da masu Ingilishi. Kwamiti ya ba da shawarar a fara darasin Ingilishin aiki ga ɗaliban shekarar ƙarshe a ranakun Asabar, idan babban taro ya amince.

Duk mamban da ke da wurin aiki da zai iya karɓar ɗalibi, ko wata matsalar aiki da yake son a mai da ita batun bincike, ya ba magatakarda sunansa kafin a tashi daga taro, domin a haɗa jerin a miƙa wa shugabannin sassa tun kafin makarantu su fara rarraba ɗalibai. Waɗanda ake bi kuɗin wata kuma su ga ma'aji.

Magatakardan ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa